Rasuwar Bahaguwa, Bindigar Zarghun Shah

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Zarghun Shah na garin Darra, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, da masu jiran abin dariya, rasuwar ƙaramar bindigata da aka fi sani da Bahaguwa, bayan doguwar jinya.

Ni bahago ne. Duk bindigar da na harba, kwanson harsashi mai zafi sai ya gilma ta gaban hancina. Ranar bikin ƙanena, wani kwanso ya faɗa mini cikin riga, na taka rawar da ba a roƙe ni ba a gaban dangin amarya. Washegari na tafi rumfar Ustad Gul Rahman maƙeri, na ce ya ƙera mini wadda ke tofar da kwanso ta hagu.

Ya ce, "Ɗan'uwa, komai nata sai an juya shi, kuma da hannu za a goge ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin bindiga huɗu ke nan. Ka ɗan karkata hannunka mana, wannan kyauta ne."

Na ce, "Ustad, ƙira na zo nema ko wa'azi?"

Ya ce to. Na sayar da saniyar da muke tatsa, matata Palwasha ta daina zuba mini sukari a shayi, marigayiya ta zo duniya.

Ana yi mata kyakkyawar shaida. Kyakkyawa ce, mai ƙota mai sheƙi. Mai tausayi ce, domin ba ta taɓa samun abin da aka auna da ita ba. Mai jan aji ce kuma: duk kasuwar nan babu kuben da ya shige ta, sai da aka ɗinka mata nata.

Ciwon ajali ya soma ne da karyewar 'yar ƙugiyar da ke fitar da kwanso. A garin da ake ƙera bindiga kamar ana toya gurasa, na bi rumfa-rumfa, kowa ya juya ta ya ce kayansa na dama ne. Ustad kuwa ido ya tafi. Ɗansa Torialai ya ce, "Kawu, a kansa Baba ya zana ta, kan kuma ya tsufa. In kana da wata saniyar, mu sake sabuwa." Ya ɗan lallaɓa ta da waya, ya karɓi ladansa.

Ta cika ranar da dila ya shigo garke da rana tsaka ya cafki ɗan akuya. Na saita, na ja kunama. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙyas". Palwasha ce ta bi dilan da takalmi, ta dawo da rabin ɗan akuyan, ta ajiye mini a gabana.

Ta rasu ta bar kube ɗaya da ba zai auru ga kowa ba, harsasai marayu, da ni.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi zuwa wurin Baz Gul mai sayen tsohon ƙarfe. Na tunatar da shi cewa ƙirar musamman ce, babu irinta a duk Darra. Ya ce in kawo ta haka nan, sikelinsa bai san hagu da dama ba.