Farfesan Murhu da Curos Maras Alkama

A duk layinmu, kai har da layin baya, babu wanda Allah ya yi wa baiwar girki irin Farfesan Murhu. Gaskiya ne ba mu taɓa ganin ya dafa ko ruwan shayi ba, amma wannan magana ce ta mahassada. Shekara talatin ya yi yana kula da sito a wani ofis, yana gadin kujeru da tsintsiya. Da ya yi ritaya ɗansa ya saya masa babbar waya, ita kuma wayar ta mayar da shi shehin malami. Bidiyon girki ɗari bakwai ya kalla, in ji shi, kuma babu ɗaya da bai gano wa mai girkin kuskure ba. Ya sa telan layinmu ya ɗinka masa doguwar farar hula da rigar girki, aka rubuta "Babban Shef" a ƙirji da jan zare. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Matarsa kuwa, wadda muke kira Mai Kek, ba ta da hula. Ɗan shago gare ta a gaban gida, shekara ashirin tana gasa kek da biskit. Da shagon aka yi karatun yara, da shi ma aka ɗinka hular. Amma tun da aka buɗe katafaren gidan burodi a bakin titi kasuwarta ta yi sanyi, har ta fara zancen rufewa a ƙarshen wata.

Ana cikin haka sai ga wata manajar kamfani tana neman mai kai musu kayan shayi duk mako. Ita manajar likita ya raba ta da alkama, ko ƙanƙani ta ci sai ta kwana uku a kwance. Ta ce abin da take marmari shi ne curos, wani dogon soyayyen ƙulli mai tsaga-tsaga a jiki, da ake barbaɗa wa sukari da kirfa, a dangwala shi a miyar kabewa mai zaƙi. In Mai Kek ta iya yin sa babu alkama, odar shekara guda tata ce. Ranar Asabar da hantsi za ta zo ta ɗanɗana.

Kwana uku Mai Kek tana gwaji da garin shinkafa da sitacin rogo da ƙwai, har ta samo kan abin. Kuskurenta ɗaya, ta faɗi maganar a gaban mijinta.

"Maman yara," in ji Farfesa, yana gyara zaman hula, "wannan ba aikin lalube ba ne, kimiyya ce zalla. Kin san abin da ake kira gulutan? Wani danƙo ne da ke ɓoye a cikin alkama. Ni na yi nazarinsa tun kafin ya shigo ƙasar nan. Ranar Asabar ke dai ki tsaya kusa, ki riƙa miƙo mini cokali."

Asabar ta yi. Mai Kek ta gasa kabewa, ta murƙushe ta, ta haɗa da madara da zuma da kirfa, ƙamshi ya cika layi. Gudummawar Farfesa ita ce binciken inganci. Ya juya miyar sau biyu, ya ɗanɗana sau tara, sai da rabin tukunya ya tafi kafin ya yanke hukuncin cewa ta yi, amma da shi ne da ta fi haka.

Daga nan ya koma kan ƙulli. Ya duba shi ta saman tabarau, ya ce ya yi tauri, ya zuba ruwa. Ƙulli ya saki, ya kama masa yatsu kamar ƙaro. Sai ga masanin gulutan na duk nahiyar ya miƙa hannu cikin buhun fulawar alkama, yana cewa ai ɗan barbaɗe ba ya kashe mutum. Mai Kek ta cafke masa wuyan hannu.

"Baban yara, ajiye. Baiwar Allah za ka kwantar?"

"Gwada ki nake yi," in ji shi. "Kin ci."

Ta gyara ƙullin, ta zuba shi a ledar matsawa, ta ɗaura bakin ƙarfe mai haƙora irin tauraro. Farfesa ya ce wannan bakin ƙauyanci ne, manyan otal sumul suke yi. Ta ce masa ba ado ba ne, ƙulli in ya fito sumul bayansa ke saurin ƙamewa a mai, tururi ya rasa hanya, sai ya fashe. Ya yi dariyar tausayi, ya ce camfin mata ke nan. Mota ta tsaya a ƙofa, Mai Kek ta fita tarbar baƙuwa, shi kuma ya cire bakin tauraro ya ɗaura mai zagaye.

Manaja ta shigo kicin, mace mai ƙarancin magana, da farar riga da jaka a kafaɗa. Farfesa ya yi mata jawabin maraba na minti goma, ya taɓo tarihin shinkafa, ya taɓo makomar kabewa a duniya. Sannan ya ɗaga leda sama yadda ya gani a waya, ya matsa dogayen ƙulli huɗu cikin tafasasshen mai, sumul kamar kyandir.

"Ranki ya daɗe, matso ki ga bambancin mai ilimi da mai kwaikwayo."

Ta matso. Na farko ya kumbura, ya yi fau. Na biyu ya bi sahu, mai ya yi tsalle har rufi. Kafin na uku ya yi magana Babban Shef ya fizgi murfin tukunya ya kare fuska, ya laɓe a bayan baƙuwar da ya ce ta matso, hularsa ta faɗa bokitin wanke-wanke. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Mu da muke leƙe ta taga mun yi dariya, amma da muka dubi Mai Kek sai dariyar ta ɗauke. Tana kallon ɗigon mai a farar rigar manaja, idonta ya cika da ƙwalla, don ta san shagon shekara ashirin ne ke ƙonewa a kaskon nan. Wallahi ta ba mu tausayi. Ta kashe wuta, ta duba hannun baƙuwa, ta ba ta haƙuri, ta roƙi minti goma. Ta mayar da bakin tauraro, ta soya shida, suka fito jawur da tsagarsu, babu wanda ya yi ko tari.

Manaja ta dangwala ɗaya a ragowar miyar. Ta ci na biyu, ta ci na uku, ta lashe yatsa.

"Hajiya, oda taki ce. Amma akwai sharaɗi ɗaya, za ki gan shi a takarda."

Ranar Litinin takarda ta iso. Farfesa ne ya karɓa, idonsa ya faɗa kan layin da ya ce "Sharaɗi na musamman game da maigidan mai shago". Bai ƙarasa ba, da ma bai saba ƙarasa karatu ba. Ya ɗauki hular da ta sha wanki, ya nufi bencin tela inda dattawan layi ke zama.

"Babban mutum ba ya karanta yabonsa da bakinsa," in ji shi. "Tela, karanta wa jama'a, da ƙarfi."

Tela ya gyara murya. Takarda ta ce duk ranar da ake aikin kamfani, kada maigidan ya kusanci kicin da taku goma, kada ya taɓa ƙulli, kada ya ɗanɗana miya, in kuwa aka gan shi da hula a ciki, yarjejeniya ta warware.

Farfesa ya karɓi takardarsa, ya ninke ta a hankali.

"To, kun dai ji da kunnenku. Har kamfani ya gane matsayina ya wuce kicin."

Sai muryar Mai Kek ta fito daga shago.

"Baban yara, in an gama karatun, ga ɓawon kabewa nan na ajiye maka a taku na goma sha ɗaya. A kai bola."

Ya kuwa kai.