Kamshaf Biyu da Tafiyar Riruwai

Da hantsi Iya Barakatu ta dogara sandarta har garejin da ke bayan tashar Tudun Wada. Jikanta Ubale, direban Fijo mai jigilar fasinja zuwa Doguwa, yana tsugune gaban motarsa, bonet a wangale. Tun da ya ɗora mata injin Beljiyam mai tabo ya hana mutane sakat da labarinsa. Yau kuma wasu dogayen ƙarafa biyu masu ƙulu-ƙulu ya shimfiɗa a kan buhu, ya zuba musu ido.

Ya ɗago ya gan ta. "Sannu da zuwa, amarya. Ya gajiyar tsufa?"

"Gajiya tana wajen mai wuni a ƙarƙashin mota kamar ƙadangare. Maigidan, waɗannan muciyoyin fa? Tuwon wa za ka tuƙa?"

"Muciya! Kun ji illar auren 'yar ƙauye. Kamshaf ke nan, Iya. Shi ke buɗe wa inji baki ya shaƙi iska, ya kuma rufe. Daga Sabon Garin Kano na zo da su, ɗaya zan zaɓa."

"To a samo wanda zai rufe naka bakin."

"Kin ga wannan mai dogayen ƙulun? Na motar tseren Turawa ne. In ya haɗu da tabo na take totur, kafin ki ɓare goro mun fita dajin Falgore."

"Ai tabo motarka ba ta rasa shi ba. Ƙofa tabo, gindi tabo, da damina kuma taɓo."

"Tabon inji nake faɗa miki, wani abu mai hura iska kamar zugazugin maƙeri."

"Ashe maƙeri na aura ban sani ba. Ɗayan fa?"

"Wannan na tsofaffi ne irinku. Yana ja tun daga ƙasa, ba kuka, ba ɗoki. Sai dai ba ya sa 'yan mata su waiwayo."

"Wace 'yar ce za ta waiwayi wannan kan naka mai kama da ƙwaryar da saniya ta taka? Ni ma don ba yadda zan yi ne."

"Ga shi kuwa kin biyo ni har gareji, ko kunyar idon mutane babu."

"Na zo in ga ko ka mutu ne in fara takaba. Shi na tseren ba shi da aibi?"

Ubale ya sosa ƙeya. "Ɗan kaɗan ne. In mota tana tsaye sai ta riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi, wajen tashi kuma sai an lallaɓa ta. Amma da allurar gudu ta hau sama, Iya, sai dai a ji labari!"

"Wato halinka ne sak. Tashi da safe sai an yi yaƙi, amma a ji ƙamshin miya a ga gudu."

"Ke ba ki san wulaƙancin da na sha ba. Sabo direba ya wuce ni a hanyar Doguwa da wata akwalar motarsa, fasinjansa suna ɗaga min hannu. Har da wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, ina jin ƙawarki ce."

"Ta burge ni. Yaushe za a gama haɗa wannan na tseren?"

"Sai makaniki ya sake saita bawul, ya gwada, ya sake kwancewa. Zuwa Juma'a dai."

"Na tsofaffin fa?"

"Yau ma sai ya shiga."

Iya Barakatu ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna, ta ɗora haɓarta a kan sanda.

"An aiko daga Riruwai. Jikin Yaya Shitu ya yi tsanani, yana ta kiran sunana. A ɗakinmu mu biyu muka rage. Gobe da sassafe nake son tafiya, kuma ba na shiga motar kowa."

Ubale ya dubi kamshaf ɗin tseren, ya shafa shi.

"Ki ce tsohon nan ne zai hana ni tsere. Tun ina yaro yake baƙin cikin na aure masa ƙanwa."

"Yana da gaskiya. Duwatsun Riruwai za ka hau da mota mai zazzaɓi? Ta mace a tsakiyar hawa ka ce in fito in tura?"

"Da ƙarfin nan naki? Ai har Jos sai ki kai mu."

"To shi ke nan, bari in je wajen Sabo. An ce yaron kirki ne, yana sa tsofaffi a gidan gaba."

Ta yunƙura za ta tashi. Ubale ya yi wuf ya riƙe sandar.

"Matata a motar Sabo? Ina raye?"

"Rayen ke nan, kai da ƙarafa a kan buhu?"

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki kamshaf ɗin tsofaffin ya miƙa wa makaniki, ya ce a ɗaura shi kafin la'asar. Sannan ya tsallaka wajen mai shayi ya dawo da burodi mai laushi a takarda.

"Ungo, ki kai wa surukina. Ki ce masa ya jira mu, kada ya kuskura ya yi gaggawa, motarmu ta tsofaffi ce."

Ta karɓa ta matsa burodin da yatsa, ta soke shi a gefen zane.

"Allah ya yi maka albarka, mummuna."