Gahawar Kakana da Ma'aunin Zafi Mai Arha

Har yau ban yarda cewa laifina ne ba. Kakana ya zo daga Argungu da ƙullin ɗanyar gahawa ɗaya tak, tsarabar Makka, don baƙinsa. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ranar na ce ni zan soya, ai mun yi darasin zafi a makaranta. Na sayo ma'auni mafi arha a kasuwar Birnin Kebbi, na kafa shi cikin kasko.

"Ke ɗiyag ga, abin ga shina ƙonewa!" in ji Inna.

"Allurar ma'aunin ba ta kai ba, Inna."

Ashe tun daga shago allurar a maƙale take. Gawayi na kwashe, baƙi suka sha shayi.

Yanzu ko shinkafa ta kama, sai Inna ta ce, "Ku kirawo Malama ta auna muna."