Firƙar da Na Bi a Ingila

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je nema wa ɗana aure, na kusa dawowa gida da sunan ɗan bidi'a. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban gama yanke wanda zan ɗora wa laifin ba: masu sharhin fina-finai na Turai ne, ko harshen Larabci, ko bakina. (Matata Hajiya ta ce bakina ne. Ba wanda ya tambaye ta.)

Ni mutumin Kano ne, amma na fi daɗewa a waje fiye da gida. Na zauna Ingila ina saurayi, na yi fatauci a Injamena da Hartum, na ɗan taɓa Alƙahira, kafin Allah ya ajiye ni a Makka, inda nake da shagon akwatuna da dardumai a Aziziyya. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa ina ji. Wannan shi ne ciwona.

Lokacin da nake Ingila na yi aiki da wasu makaɗan rok, irin masu gashi har kafaɗa da gita mai kururuwa. Ba kiɗa nake yi ba. Ni ne mai ɗaukar lasifika daga mota zuwa dandamali, in mayar in an tashi. Mun zaga garuruwa da su, mun ci sanyi tare, mun ci gurasa da wake na gwangwani tare. Daga baya suka shahara, suka yi faɗa, suka watse, ni kuma na kama gabana. A Makka ba wanda ya san wannan sai iyalina, don ba labarin da ake bayarwa a ƙofar masallaci ba ne.

Kwatsam bara aka fitar da fim a kansu, irin wanda ake hira da tsofaffi a haɗa da hotunan da. Ɗana Mansur ya nemo mini shi a waya. Na kalla, na sake kalla, na yi ƙwalla. Har ni na fito a ciki, na ɗan wani lokaci kaɗan, a gefen dandamali.

Sai na yi kuskuren karanta abin da masu sharhi suka rubuta.

Baturen Ingila ya yi zaginsa irin nasu, cikin ladabi, yana murmushi yana yanka. A ganinsa fim ɗin taron tsofaffi ne da suka zauna suna yabon kansu, kuma ya yi tsawo. Bafaranshe ya cika shafi da falsafa a kan tsufa da mutuwa, sai a layin ƙarshe ya tuna ya ce fim ɗin bai yi ba. Wani Balarabe kuwa, na rantse bai kalla ba, sharhin Baturen ya juya ya ƙara masa kirari. Yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da muke tura mota a cikin ƙanƙara, su ne za su ce kiɗan nan ya tsufa! Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, biyu daga cikinsu sun ce abu ɗaya mai rai a fim ɗin shi ne wani ɗan Jamaika da ba a san sunansa ba, wanda ke rawa a gefe. Ɗan Jamaika! Ni da aka yanke wa cibi a cikin birnin Kano!

Da wannan wutar a cikina muka tafi neman auren.

A ƙa'ida ba uba ke zuwa nema wa ɗansa aure ba, ƙannensa yake turawa. Ni ba ni da ɗan'uwa a Makka, don haka na sa babbar riga na ja Mansur muka tafi. Uban yarinyar, Malam Sidi, Basakkwace ne ta asali. Kakansa a ƙafa ya zo ta Sudan. A Nakkasa suka tashi, da aka rushe unguwar suka koma wani gida can gefen gari, amma Sakkwatancin bai rushe ba, yana nan a bakinsa daram. Mutum ne mai karatu, mai tsantseni, wanda aka ce ya kori masu neman 'yarsa a kan abin da bai kai wannan ba. Mansur kuwa son yarinyar yake kamar zai zauce. A mota sai da ya roƙe ni da Hausarsa mai ɗingishi: “Abuya, don Allah, kalam kaɗan. Kaɗan bas.” Wato in rage magana.

Na ce masa, “Ni za ka koya wa zama da mutane? Na zauna da mutanen ƙasashen da ko a taswira ba ka san su ba.”

Muka isa bayan La'asar. Aka shimfiɗa mana a majalisa, ɗakin baƙi, aka kawo gahawa da dabino. Malam Sidi na zaune da carbi, ƙanensa Usmanu na zuba mana. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen gida, komai lafiya lau. Ina shirin buɗe bakin abin da ya kawo mu sai wayata ta yi ƙara. Wani tsohon abokina ne daga Ingila ya turo mini sabon sharhi. Ban buɗe ba, amma na ga kan maganar, na kuma ga kalmar Jamaika. Jinina ya hau.

Daidai nan Usmanu ya ce, “Abu Mansur, mun ji an ce ka zauna Turai. Wane aiki ka yi can?”

Mai hankali zai ce ɗaukar kaya, ya yi shiru, kuma bai yi ƙarya ba. Ni sai na ce, “Wata firƙa na bi.”

A nan ne masifar take. Mu Hausawan Makka rabin maganarmu Larabci ne, ba ma ma jin lokacin da muka tsallaka. A Larabci kuwa ƙungiyar makaɗa firƙa ce. Ƙungiyar da ta ɓalle daga tafarkin addini ita ma firƙa ce. Ni na farko nake nufi. A majalisar mutum mai carbi, a garin Makka, bayan sallar La'asar, ba wanda zai ji na farko. Ni mai harsuna, ni mai gyara wa mutane Larabci a shago, ban lura ba.

Carbin Malam Sidi ya tsaya. Ya ce, “Firƙa? Wace iri?”

“Babba!” na ce. “Malam, ba a taɓa yin irinta ba, ba kuma za a yi ba. Duk waɗanda suka zo bayanta kwaikwayo suke. Gari gari muke bi. In shugabanmu ya fito, gashi har nan, ya ɗaga hannu, sai ka ga dubban mutane sun ɗaga nasu. Mata har suma suke yi. Duk abin da ya faɗa jama'a sun haddace.”

“La haula,” in ji Usmanu a hankali. Ni na ɗauka mamaki ne, sai na ƙara wuta.

“Yanzu wasu jahilai sun taso suna rubuce-rubuce, wai ƙarya ce, wai zamaninta ya wuce. Yara ƙanana! Me suka sani? Sun taɓa tsayawa a gaban mutumin nan sun ji abin da ke shiga ƙirjin mutum?”

Malam Sidi ya gyara zama. “Alhaji, su mutanen ga, suna salla?”

Na yi dariya. (Dariya fa na yi, jama'a.) Na ce, “Salla? Ai ko ɗaya a cikinsu bai san inda alƙibla take ba.”

“To mi sunka ce ga Sahabbai?”

“Ina ruwansu da Sahabbai, Malam? Su abin da ke gabansu suke yi.”

“Amma dai ka bar su?”

“Su suka watse. Shugaban ya rasu, suka rabu biyu, kowa na cewa shi ne magaji. Amma ni a zuciyata har gobe ina tare da su. Kaset ɗinsu na nan a gidana. Shi kansa Mansur tun yana goye nake sa masa.”

Mansur dai tun ɗazu murmushi yake yana gyaɗa kai, don in Hausa ta yi gudu ba ya kamo ta. Jin sunansa sai ya ƙara gyaɗawa, ya ce, “Aiwa, sahih.”

Malam Sidi ya ajiye finjalinsa a kan faranti. Ya dubi Mansur da tausayi, irin kallon da ake yi wa maraya. Sannan ya ce, “Alhaji, mun gode da ziyara. Maganar da tak kawo ku, a bar ta nan. Ɗiyata ba ta shiga gidan da aka tashi yaro da kaset na firƙa.”

Wallahi ko a nan ban gane ba. Raina ma ƙara ɓaci ya yi, na ɗauka shi ma ya karanta sharhin ne ya bi bayansu. Na buɗe baki zan kare mai gita, sai na ga fuskar Mansur. Kalmar ɗiyata da a bar ta sun isa gare shi. Ya dubi Usmanu ya tambaye shi da Larabci me ya faru, Usmanu ya gaya masa a gajarce. Yaron nan ya miƙe tsaye, ya dafe kai da hannu biyu.

“Abuya! Firƙa musiƙiyya! Ya Ammi, wallahil azim, musiƙa! Makaɗa! Ganga, ganga!” Yana faɗa yana kaɗa hannu a iska.

Duk maganganun da na yi suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da gashin, da suman mata, da alƙibla.

Malam Sidi bai yarda nan take ba. Ya ce, “Makiɗa? Dattijo kamar wanga? A nuna mani.”

Na so a nuna masa a waya, a ɗan ƙaramin allo, a wuce wurin. Usmanu, Allah ya saka masa, ya ce idon Yaya ba ya ganin ƙananan abubuwa, ya karɓi wayar ya haɗa da talabijin ɗin bango, wanda ya kusa faɗin ƙofa. Ya kuma ƙure murya.

Gita ta yi kururuwa a gidan Malam Sidi. Ga shugaban firƙa ya fito, ba riga, yana girgiza gashi. Ga jama'a na ihu. Sai na'urar ɗaukar hoto ta juya gefen dandamali, ga wani baƙin saurayi siriri, gashi tim kamar an kifa masa ƙwarya, wando ya ɗame cinya ya buɗe a ƙasa kamar siket, riga a buɗe har cibiya. Ya ajiye lasifikar da ya ɗauko, ya rufe ido, ya shiga tsalle yana karkaɗa kafaɗa, yana murguɗa ƙugu, ba ko kan kiɗan ba.

Malam Sidi ya matsa gaba. Ya dubi bango, ya dube ni da babbar rigata da furfurata, ya sake duban bango.

“Wanga mai tsalle, kai na?”

Na ce, “Ni ne, Malam.”

“Usmanu, maido shi baya.”

Aka maido. Aka sake maidowa. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji dariyar mata, wata har tana tari. Wato uwar yarinyar da yarinyar da duk wanda ke gidan sun ga cibiyar surukinsu tun kafin a sa rana.

Malam Sidi ya ɗauki carbinsa, ya sauke ajiyar zuciya. “Alhamdu lillahi. Ashe wauta ce ta ƙuruciya. Wauta ana tuba da ita a wuce. Ni na ɗauka aƙida ce.” Ya sa aka bar fim ɗin yana tafiya, wai yana so ya ga ƙarshen mutanen. Muka zauna muna kallon tsofaffin abokaina suna ba da labari. Can ya yi hamma ya ce, “Su masu rubutun da kac ce, mi sunka ce?”

Na ce, “Wai ya yi tsawo. Wai tsofaffi ne ke yabon kansu.”

“To ai gaskiya sunka faɗi. Banda wurin tsallenka, ba komi cikinai.”

Ga amsa a bakina, da Hausa da Larabci da Turanci, har da ta Faransanci. Sai na ji hannun Mansur a kan gwiwata, yana matsawa kamar zai fasa ƙashin. Na dube shi. Idonsa ya kawo ruwa.

Na haɗiye. Na ce, “Gaskiya ne, Malam. Ya yi tsawo.”

Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci irin wannan ba. Abin da Baturen Ingila da Bafaranshe da Balarabe suka kasa sa ni in faɗa, Basakkwace ya karɓa a bakina da finjalin gahawa a hannunsa. Ya yi murmushi ya ce, “To yanzu faɗi abin da ya kawo ku.”

An ba mu yarinyar. An ɗaura aure, suna zaune lafiya. Amma Usmanu bai iya riƙe baki ba, labari ya zaga Hausawan Makka kaf. Yanzu in na shiga taron suna ko ɗaurin aure sai in ji wani ya ce, “A matsa wa Shehin firƙa.” Matar Mansur kuwa yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai duk lokacin da ta durƙusa gaishe ni ina ganin kafaɗunta na rawa.

Masu sharhin nan har yau ban yafe musu ba, kuma ni ba ɗan Jamaika ba ne. Abin da na koya dai shi ne, in za ka je neman aure ka kashe waya tun daga mota, kuma ka zaɓi harshe ɗaya ka tsaya a kansa. Na yi shekaru ina taƙama da harsuna huɗu, ranar da ta fi kowace muhimmanci kalmar da ta cece ni ita ce ganga, kuma daga bakin yaron da nake yi wa dariyar Hausa ta fito.