Ranar Da Na Yabi Turkiyya A Gaban Malaman Gabas

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shekarar da na gama sakandare a Jidda, jami'o'i biyu suka kira ni intabiyu. Dukansu na karatun injiniya ne, irin waɗanda ake rububi a ɗauki 'yan kaɗan. Ɗaya a gabashin Saudiyya, ɗaya a Turkiyya. Maimakon murna sai tsoro ya rufe ni. Umma dai jami'ar Gabas take so, don in riƙa leƙo ta a unguwarmu ta Madain Fahd duk hutu. Baba kuwa, wanda direba ne a wani gida a unguwar Abhur, magana ɗaya ya yi: "Ka zaɓa da kanka. Amma ka sani iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a ƙarƙashina take, kuma ka girma. In babu takardar makaranta, sabunta ta zai yi wuya."

Daga ranar abinci ya daina yi min daɗi. Da safe ni ɗan Gabas ne, bayan la'asar na koma Baturke. Sai na yi dabara (a lokacin na ɗauka dabara ce). Na rubuta jawabi biyu, kowanne yana rantsuwa cewa tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce wannan jami'ar. Na manna su a bango bayan kwamfuta, na Gabas a dama, na Turkiyya a hagu.

Ta Gabas ce ta fara kira. Mutum uku suka bayyana: wani dattijo mai farin gemu, wata daktora, da wani baƙin mutum mai tabarau da ko murmushi bai yi ba. Dattijon ya tambaye ni da Larabci, "Me ya sa ka zaɓe mu?"

Idona ya tafi hagu.

Na fara zuba kamar rediyo. Na ce ina ƙaunar garinsu mai tsaunuka. Na ce har na soma koyon yarensu a waya. Na ga daktorar ta ɗaga gira, na ɗauka burge ta na yi, sai na ƙara murya. Na ce na gaji da zafin ƙasar nan, burina in taka dusar ƙanƙara a hanyar zuwa aji.

Dattijon ya matso kusa da kyamara. "Ya waladi, ɗana, mu ma a firji muke ganin ƙanƙara. Wa kake yi wa magana?"

Na ga iƙamata, na ga fuskar Baba, na ga kaina a filin jirgi za a kai ni ƙasarmu ta asali, wadda sau biyu kawai na taɓa zuwa. Na kai hannu in kashe sauti (ban kashe ba, ƙara shi na yi). Umma, da ke laɓe a bakin ƙofa da carbi, ta leƙo. "Yaya dai?"

"Umma, halas, shi ke nan, na kashe kaina! Takardar Turkawa na karanta musu!"

"Innalillahi! Ban ce ka cire ta ba?"

Sai muka ji murya daga kwamfuta, da Hausa, irin tamu mai nauyi ta haifaffun Saudiyya. Mai tabarau ne. "A gaishe da Hajiya. Ka gaya mata ba ka mutu ba tukuna, akwai sauran minti goma."

Umma ta ja ƙofa a hankali ta gudu, ta bar ni da su.

Mai tabarau ya koma Larabci. "Yalla, ka bar kallon bango. Wacce kake so tsakani da Allah?"

Ba ni da sauran abin ɓoyewa. Na ce ban sani ba. Na ce tsoro nake ji duk wadda na ɗauka ta zama ba ita ba ce, shekarun da mahaifina ya yi yana tuƙi su tafi a banza. Ba wanda ya lallashe ni. Tambayoyin lissafi uku suka jefo min, na amsa biyu, ta ukun na ce ban iya ba.

Bayan kwana huɗu na yi ta Turkiyya. Na karanta takardar da ta dace, tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ban yi ba. Su ne suka fara turo amsa: ba su ɗauke ni ba. Sati biyu na ƙara ina buɗe imel da ido ɗaya, kafin ta Gabas ta ce in zo.

Mai tabarau shi ya koyar da mu lissafi a shekarar farko. Ranar da ya fara kiran suna, ya tsaya a kan nawa ya ce, "Ina Baturken?" Da sunan na gama jami'a.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. In ka san ba ka iya ƙarya ba, kada ka shirya guda biyu, balle ka manna su a bango ɗaya.