Alƙalin Shinkafar Valencia

Wanda bai san Don Amadeo Ferrandis ba bai san Valencia ba, kuma shi da kansa zai gaya maka haka. Tsohon ma'aikaci ne a ofishin magajin gari, sashen ba da izinin fentin gidaje, amma in ya tsaya gaban tsohon gini ya ɗaga sandarsa, sai ka rantse shi ya aza tubalin farko. 'Yan unguwa suna ce masa Alƙalin Shinkafa, don ya ɗora wa kansa tsaron mutuncin paella, dafa-dukar shinkafar da garin ke alfahari da ita. A shari'arsa kaza ce da zomo da koren wake, shi ke nan. Duk wanda ya yanka chorizo, wato jan naman alade mai yaji, a ciki ya ci amanar kakanni. Gidajen abincin bakin teku kuwa, masu manna hoton abinci a ƙofa don baƙi, ba ya wuce su sai da hankici a hanci.

Abu ɗaya ya gagari wannan gwarzo: tun rasuwar matarsa yake neman auren Doña Casilda, wata bazawara 'yar garin Burgos. Da ƙyar ta yarda ta hau jirgin ƙasa ta zo ta ga garin da ake so ta tare a ciki. Ta ce zai ji amsarta bayan abincin rana. Alƙali ya gyara gashin baki, don a fagensa aka sa wasan.

Ya fara kai ta tsohuwar kasuwar siliki, ya nuna mata ginshiƙai da sanda.

"Dubi nan, Doña Casilda. Lokacin da kakannina suke murɗa dutse kamar igiya, naki suna can suna bin tumaki."

Ta ce ai su ma suna da babbar majami'a a Burgos. Ya yi mata murmushin tausayi, ya ci gaba.

A babbar kasuwa ƙanshin suya ya buge ta, ta miƙa hannu za ta sayi soyayyiyar kabewa. Ya tare ta. Wai kada ta ɓata cikinta, domin akwai shinkafar da aka dafa da icen lemo tana jiran su a gidan abincin wani amininsa, har da ƙanzo. Daga nan ya kora ta hasumiyar ƙararrawa. Baiwar Allah ta hau tana riƙe gwiwa. A can sama ya buɗe laccar gonakin shinkafa, ya faro daga zamanin Larabawa. Ƙararrawa ta buga, tituna suka watse, gari duka ya tafi cin abinci, shi kuwa ko ƙarni na biyu bai kai ba.

Da suka sauko, amini ya kashe wuta ya ja ƙofa. Haka gida na biyu, haka na uku. Mutumin da ya san shekarun kowane tubali a garin ya manta lokacin da ake rufe kicin. Nan fa tsoro ya kama shi, don ya ga Doña Casilda ta ɗaure fuska.

Wuri ɗaya ya rage a buɗe, can bakin teku, mai hotuna a ƙofa. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta shige ba ta nemi izini ba. Ya ja malafa ya rufe rabin fuska ya bi ta, yana cewa zai shiga ne kawai ya nuna mata yadda ake cin zarafin shinkafa.

Nelo, mai kai wa mutane abinci, ya hango shi daga nesa ya buɗe hannuwa.

"Don Amadeo, lafiya? Ai yau ba Talata ba ce. Teburinka na bayan labule babu kowa. A ninka chorizon kamar kullum?"

Alƙali ya ƙara jan malafa ƙasa.

Aka kawo abincin, ja wur da mai. Doña Casilda ta ci ta ƙoshi, ta goge baki, ta mayar da takalmanta, ta tambayi Nelo hanyar tashar jirgi. Sannan ta juyo.

"Amadeo, da mutumin Talata ne ya tarbe ni da safe, da na aure shi."

Ta fita. Ya zauna yana kallon ƙofa, ransa a ɓace ƙwarai. Can sai ya jawo kaskon gabansa, ya kankare shi tas.