Rasuwar Mai Tari, Babur ɗin Sodangi Mai Allurar Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da tafiyar ƙasa ta kumbura, iyalan Malam Sodangi mai allurar shanu na garin Kankiya suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na gari da na ruga, rasuwar babur ɗinsu, wanda kowa ya fi sani da Mai Tari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rai ya yi halinshi ne cikin wannan damina, da hantsi, a bakin ƙoramar da ke bayan Kaikai, bayan doguwar jinyar da ya daɗe yana ɓoyewa. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'ar rahama, mun ji mun bi. Amma bai hana a faɗi alherin mai alheri ba, don haka a yi haƙuri da mu.

Marigayin ya shigo gidan Sodangi tun matarshi Hawwa tana goyon ɗiyarsu ta fari, wadda yanzu ita ma goyon take. Ba sabo ya zo ba, na hannu ne, kuma ko a lokacin ba wanda zai kira shi kyakkyawa. Ranar da Sodangi ya je saye, mutane na ta shafa jikin babura suna gyara hula a madubi, shi kuwa sai ya kwanta a ƙasa da farar rigarshi yana leƙen yadda cikin kowane babur ya ɗaga daga ƙasa. Ya tambayi ko ana samun kayan gyaranshi a nan Kankiya, ko kuwa sai an je Katsina don ɗan ƙusa guda. Daga nan ya sa aka ɗaura buhun dusa a bayan kowanne, ya riƙa shiga rairayin gulbi da su, mai sayarwa na biye da shi a ƙasa yana tsaki. Masu ƙyalli duk suka nutse har gindi. Mummunan nan ne ya yi ta gurnani yana watsa rairayi har ya fita ɗaya gaɓar. A nan ciniki ya faɗa.

Muna shaida cewa ya yi zaman amana. Bai taɓa ganin burtali ya ce ya yi mashi ƙunci ba. Ya bi labi, ya gangara kwazazzabo, ya sha taɓo har wuya, daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga can har rugagen ƙasar Kusada, da jakar magani a gaba da kanwar shanu a baya. Ya ɗauki maraƙin da uwarshi ta mutu. Ya taɓa kai mai naƙuda asibiti, a hankali kamar ya san abin da ya ɗauko. Man da aka ba shi shi yake sha, ko da na bakin hanya ne mai gauraye, sai dai ya ɗan yi atishawa ya wuce. Da kaka kuma, in an kwashe hatsi gonaki sun buɗe, Sodangi kan ce za shi duba wata saniya, ya hau ya yanki daji ba hanya ba dalili, iska na kaɗa mashi riga, ya dawo da yamma yana murmushi. Hawwa ta daɗe da sanin babu wata saniya. Ba ta taɓa tona shi ba.

Gaskiya kuma ba a binne ta da mamaci: yana da hali. Ba ya son sammako. Bai taɓa tashi da shuri ɗaya a gaban surukai ba, sai Sodangi ya yi zufa ya jiƙe, an fito ana mashi sannu. Fitilarshi ta riga shi tafiya da shekaru.

Sunan Mai Tari kuwa ya samo shi ne ranar da salansa ta bugi dutse a wani kwazazzabo. Labaran bakanike, wanda shi ne likitanshi tun daga farko har ƙarshe, ya yi mata walda iyakar iyawarshi, kuma iyawar Labaran a walda, to, Allah dai ya ƙara mashi basira. Tun daga ranar muryar marigayin ta sauya. Tuf-tuf-tuf, sai ya yi shiru kamar mai tunani, sannan kaf! Haka zai yi ta yi har a isa. Masu shayi na jin shi tun daga nesa su fara dariya. Hawwa ta ce ita kam ba ta ƙara hawa zuwa biki, ta gaji da kallo. Sodangi ya sha alwashin sayen sabuwar salansa, kullum sai bayan kaka, kakar kuma ba ta zo ba.

Sai zamani ya lalace. Ba sai mun tsaya bayani ba, duk mai kwana a ƙasar nan ya sani. Ƙarar babur a daji ta zama abin da ke sa uwa ta fizgi ɗanta ta bar tukunya kan wuta. Mutanen ruga suka koyi saurare fiye da kallo, don kafin ka ga masu bindiga ka riga ka makara. Masu shiga daji da sana'a suka ja baya ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma ga laifinsu ba. Shi kuwa Mai Tari, duk faɗin ƙasar nan babu babur mai irin muryarshi. Tun yana nesa ake gane shi. Goggo Karima, mahaifiyar Ardo Bube, wadda idonta ya tafi amma kunnenta na nan garau, ita ke fara ji. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “Ku zauna, Mai Tari ne. A dama ma Malam fura.” Mai tatsa ta ci gaba da tatsa, yara su fito tarye. Da wannan tarin Sodangi ya yi ta shiga inda wasu suka daina shiga, ya yi wa shanu allurar huhu da ta boru, wato ciwon baki da kofato, ya ɗura masu maganin hanta, ya sha furarshi ya koma gida. Maganar sabuwar salansa ba a ƙara tada ta ba.

Ciwon ajalin ya fara da hayaƙi. Baƙin mai ya riƙa zuba duk inda aka jingine shi, hawan tudu ya zama sai da lallashi. Labaran ya buɗe cikinshi ya rufe har ya daina lissafi, kowane karo ya goge hannu ya ce, “Malam, ni dai na yi nawa, saura na Allah.” Ranar da abin zai faru, an aiko cewa saniyar Ardo ta kasa haihuwa, ga ƙorama ta kawo ruwa. Sodangi ya tsaya a gaɓa ya dubi ruwan, ya dubi tsohon babur ɗin, ya san bai kyauta ba, ya shiga. Marigayin ya sha ruwa amma ya haye. An ciro maraƙi da rai. A hanyar dawowa, suna fita daga ruwan, ya yi tuf-tuf-tuf ya yi shirun nan nashi, Sodangi na jiran kaf. Bai zo ba. Ya shure shi har gwiwa ta ƙi, ya cire fulogi ya busa ya mayar, ya kira sunanshi kamar mai tada ɗan barci. A kan amalanke aka kawo shi gari. Labaran ya duba ya ce inji ya buga, ko an kai shi Kano sai dai a sha wahalar mota.

Ya rasu ya bar mai gidanshi, Malam Sodangi, mai furfura da ciwon gwiwa. Da jakar magani wadda ba ta san wata kafaɗa ba sai kan babur. Da igiyoyin roba masu yawa, wasunsu sun girme jikokin gidan. Da famfon iska da ke aro a maƙwabta har yau ba a maido ba. Da hular kwano guda, wadda ba ta taɓa hawa kan kowa ba, kazar Hawwa ke ƙwai a ciki. Ya kuma bar shanu masu tarin yawa da ke jiran allurar bana.

Saboda waɗannan shanun ne Sodangi bai tsaya dogon makoki ba, ya tafi wajen Ɗanmaliki dillalin babura neman magaji. Ya sake kwanciya a ƙasa, wannan karon sai da aka kama shi ya tashi. Ƙananan na cikin gari ba su ko kai tsakiyar rairayi ba. Mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, amma ba ya shiga burtali sai ya kwashe dawar mutane. Saura guda ɗaya, dogo, baƙi, mai faɗin taya, mai tafiya sumul ba ƙara sai ɗan gurnani a ƙasa-ƙasa. Ya haye rairayin da buhun dusa kamar ba a ɗora mashi kome ba. Ɗanmaliki ya ce, “Baba, in dai daji ne, ka ga ubansu nan. Ba ya gajiya, ba ya shan mai. Hau ka gwada shi ka dawo, ba na jin kome.” Sodangi ya ji daɗin babur ɗin, ba a ɓoye wannan. Daɗin ne ma ya hana shi tunanin su wa suka fi kowa sanin cewa in dai daji ne, wannan ne ubansu.

Ya nufi rugar Ardo Bube da rana tsaka. Bai taɓa isa da wuri haka ba. Ya tarar da wuta na ci, tukunya na tafasa, ƙwaryar nono a kife ƙudaje sun taru, maraƙi ɗaure yana ta kuka, takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin bukka. Babu kowa. Ya kashe babur ya yi sallama, muryarshi ta dawo mashi. Sai da ya zagaya bayan rumbu ya ga Goggo Karima kwance a ƙasa, ta kifu a kan jikanyarta ta rufe ta da zane, don ita ba ta iya gudu, ba ta kuma ganin inda za ta bi. Bakinta na motsi. Ya durƙusa ya ce, “Goggo, ni ne, Sodangi.” Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, abin da ta ce kawai shi ne, “Malam, ina Mai Tari?”

A hankali mutane suka riƙa fitowa daga cikin dawa, da ƙaya a ƙafa, da yara masu sheshsheka. Wata mai tsohon ciki sai da aka riƙo ta. Ardo Bube ya zo ya miƙa hannu, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi Hawwa, ya tambayi gwiwa, ya yi mashi ta'aziyyar babur. Bai ce mashi don me ba. Da ya hau shi da faɗa, da Sodangi ya fi samun sauƙi. An kawo fura, ya ɗauki ludayi ya ajiye. Ranar ya yi allurar yana jin kunyar kowa, har ta shanun.

Labaran ya ce abu mai sauƙi, a ciro salansar marigayi a ɗaura wa sabon. An ɗaura. Ta ƙi yin tari, sai wata irin ƙara mai ban tsoro da ta fi ta da muni, aka cire. Ɗanmaliki ya ce to a zagaya rugage da sabon babur ɗin ana tada shi a gaban jama'a, har kunnensu ya saba su daina gudu. Sodangi ya murza gwiwa. Ya ce, “Ɗana, muryarshi da ta baburan masu bindiga ɗaya ce. In na koya ma Goggo ta zauna in ta ji ta, ranar da ba ni ba ne fa?” Ya sayi babur ɗin duk da haka, don shanu ba su san zamani ya lalace ba, kuma ƙafarshi ba ta kai shi Kusada. Ya gaji, ya faɗa da bakinshi cewa ya gaji.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawar na kwance a garejin Labaran, ƙarƙashin dalbejiya, ga duk mai son ganin ƙarshe. Ba wanka ba likkafani. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Malam Sodangi bayan La'asar, kuma Hawwa ta ce kada kowa ya wahalar da kanshi da kawo abinci. Ranar kasuwa 'yan gwangwan za su zo da sikelinsu su kai shi makwancinshi. An roƙe su kada su fara sara sai mai gidan ya bar wurin.

Sai saƙo ga mutanen ruga, a taimaka a isar wa waɗanda ba su karatun boko. Daga yau babu sauran ƙarar babur da ta zama ta Sodangi. Duk wanda kuka ji, ku ɗauki yaranku ku yi abin da kuka saba, kada ku tsaya tantama. Shi zai riƙa kashe nashi tun daga bakin labi, inda sauti ba ya kai maku. In kun hango wani dattijo yana turo sabon babur cikin rana, yana ɗingishi, kada ku tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Lafiyar babur ɗin ƙalau. Ku dai tarye shi da ruwan sha.